Malam Da Sabon Kekensa Na Hawan Duwatsu

Keke ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa malaman makaranta da ma'aikatan En'e da fataken ƙauye suka san darajar Raleigh, har aka yi lokacin da in saurayi ya mallaki sabon keke mai ƙararrawa da fitila, to, ya shiga sahun waɗanda ake iya ba aure. Amma fa duk keken wancan zamani sha'aninsa guda ne: a saya, a ɗaga sirdi ko a sauke shi, a buga wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, sa'an nan a hau. In hanya ta yi gargada jikin mahayi ke shan wahalar, ba kuwa wanda ya taɓa ganin laifin keke a kan haka.

Akwai wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare ta Jos wanda ya yi fiye da shekara talatin yana hawan irin wannan keke. Da ya kai shekara hamsin da huɗu sai likita ya gaya masa jininsa ya hau, kuma ciwon sukari na neman kama shi, in bai rage zama ya riƙa motsa jiki ba magani kaɗai ba zai wadatar ba. Gudu ya gagare shi saboda gwiwa. Kwaltar cikin gari kuwa motoci da babura masu ƙafa uku sun cinye ta, dattijo ba ya hawa keke a kanta da kwanciyar rai. Abin da ya rage shi ne hanyoyin bayan gari, waɗanda suka bi ta gefen gonaki da tsofaffin ramukan kuza suka nufi duwatsun Shere, can gabas da gari. Shi kansa garin Jos yana bisa tudu mai kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829. Sai dai in ya bi waɗannan hanyoyi da tsohon kekensa na rabin awa kurum, sai ya kwana biyu yana dafe da ƙugu.

Saboda haka ya shiga adashi, ya yi shekara ɗaya da rabi yana zubi, ya haɗa da ɗan abin da ya tanada, ya ba wani tsohon ɗalibinsa da ke fatauci a Legas ya kawo masa keken hawan duwatsu sabo dal a cikin kwali. Kuɗin da ya tafi a kansa ya isa sayen babur. Da uwargida ta ji, sai ta ce, "Malam, keke dai? Keke da kuɗin babur?" Ya ce mata, "Babur zai kai ni wurin likita da sauri. Shi kuwa wannan, so nake ya rage mini zuwa." Ta yi shiru, amma shi ya san magana ba ta ƙare ba, domin in keken bai yi abin da aka saye shi dominsa ba, zubin wata goma sha takwas ya tafi a banza.

Ya kamata mai karatu ya san asalin irin wannan keke. A gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a Amurka wasu samari suka fara gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A shekarar 1976 suka soma wata tsere da suka kira Repack, domin birkin tayar baya yakan yi zafi har girishin da ke ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman don wannan aiki, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai irin keken kantuna da yawa. Waɗannan na farko duk ba su da shakazoba. Sai a 1989 Paul Turner ya kafa RockShox, ya kawo dabarar babur cikin fok ɗin keke. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango ta Jihar Kolarado, a 1996 kuma tseren ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta, inda Bart Brentjens na Holan da Paola Pezzo ta Italiya suka ɗauki zinariya.

Ranar da aka fasa kwali aka haɗa keken, abu na farko da ya ba Malam mamaki shi ne faɗin kansa, wanda ya kusa santimita 80, har sai an karkata shi kafin ya shiga ƙofar zaure. Tayoyinsa inci 29 ne, masu kauri da haƙora. Giya goma sha biyu ce a baya, faranti ɗaya tak a gaba. Birkinsa na mai ne, mai kama faifai irin na babur, yatsa ɗaya ya isa ya tsai da shi cak. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a hannun hagu wanda in an danna shi sirdi ya sauka ƙasa, in an sake dannawa aka ɗaga jiki ya taso. Nauyinsa duka bai wuce kilo goma sha biyar ba. Amma abin da ya cinye kuɗin shi ne shakazoba guda biyu: ɗaya a gaba, watau fok mai ƙafafu biyu da ke riƙe da taya, wanda ke iya nutsewa har milimita 140, ɗaya kuma a tsakiyar firam, ƙarama kamar gwangwanin maganin sauro, wadda ke tallafar tayar baya.

Hawan farko bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya bi hanyar Lamingo ya saki kwalta, ya shiga wata turba mai tsakuwa da kwazazzabai, yana jiran ya ji laushin da aka yi masa alkawari. Sai ya ji kowace tsakuwa tana isowa tafin hannunsa. Da ya tsallake wani ɗan tudu kuwa, bayan keken ya yi tutsu kamar jakin da aka tsikara, har sirdi ya buge shi, ya kusa kifawa ta gaba. Tayar baya tana ta tsalle-tsalle a kan duwatsu, ta ƙi kama ƙasa. Ya dawo gida hannu ya yi tsami, ƙugu na ciwo kamar dā, ya jingina keken a zaure bai ce wa kowa uffan ba. Daren nan bai yi barcin kirki ba.

Washegari ya tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke, wanda ya shekara arba'in yana ɗaure waya da yin faci. Dattijon ya zagaya keken, ya danna fok da hannu biyu, ya saki, ya ce, "Malam, wannan doki naka ba na zamaninmu ba ne, ba zan sa masa sifana ba. Amma na lura da abu ɗaya. Ko dokin Sarki ne, ba a hawansa da likkafar wani. An gyara maka shi daidai kai kuwa?" Malam ya ce, "Baba, yadda ya zo a kwali haka na hau shi." Dattijon ya ce, "To, tukuna ba ka hau kekenka ba. Je ka duba takardarsa."

Gaskiyar dattijon ce. Masana'anta ba ta san wanda zai sayi keke ba, saboda haka iskar da ke cikin shakazoba sa'ad da ya fito daga kwali ba ta kowa ba ce. A cikin irin wannan shakazoba babu sifirin na ƙarfe, iskar da aka matse ita ke aikinsa. In ta yi yawa keke ya yi tauri, in ta yi kaɗan ya lotsa har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ba a kuma buga ta da famfon taya. Akwai ɗan famfo na musamman mai agogo, wanda ya zo a cikin kwalin, yana tura iska kaɗan-kaɗan amma da ƙarfin da ya kai 300 a ma'aunin PSI.

Ranar Asabar Malam ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kira ɗansa na aji biyar, suka buɗe littafin keken. Abu na farko da littafin ya nema shi ne nauyin mahayi, kuma nauyinsa na gaskiya, da takalmi da hular kwano da gorar ruwa da duk abin da yakan goya. Suka ɗauko sikeli, allura ta tsaya a kilo 88, watau kusan fam 194. Malam ya dubi allurar ya jinjina kai, ya rubuta lambar a saman shafin wani sabon littafin rubutu.

Sa'an nan suka shiga awon lotsawa, wanda shi ne tushen aikin duka. Lotsawa ita ce gwargwadon yadda shakazoba ke nutsewa in mahayi ya hau kurum, keke na tsaye. A jikin sandar kowace shakazoba akwai zoben roba siriri. Aka buɗe maɓallan duka, yaron ya riƙe kan keken, Malam ya hau, ya yi ɗan girgiza sau uku, ya natsu. Yaron ya tura zoben har ya taɓa bakin shakazoba, Malam ya sauka a hankali don kada ya ƙara danna ta, suka auna tazarar da zoben ya bari da rula. Sandar ta baya tafiyarta milimita 50 ce, littafi ya ce a nemi kashi 30 cikin ɗari, watau milimita 15. Abin da suka samu 10 ne kacal. Da suka ɗaura famfo agogo ya nuna 260.

Mutum zai iya tambaya, don me za a so keke ya nutse tun kafin ya taka komai? Dalili shi ne hanya ba tudu kaɗai gare ta ba, har da rami. In dutse ya zo, taya tana bukatar sararin da za ta yi sama. In rami ya zo, tana bukatar sararin da za ta miƙa ƙasa ta bi shi, keke bai faɗa ba. Shakazobar da ba ta lotsa ba, ba ta da abin miƙawa, sai taya ta rabu da ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta kuma jin juyi.

Littafin ya ba da shawarar a fara da iska daidai da nauyin mahayi a ma'aunin fam, saboda haka suka rage ta zuwa 195. Bayan kowane ragi sai a danna keken sau biyar ko shida, domin shakazoba ɗaki biyu gare ta a ciki, kuma sai an motsa ta iska ke daidaita tsakaninsu. Suka sake awo, 14. Suka rage zuwa 185, zobe ya tsaya a 15. Da aka kwance famfo aka ji fis, yaron ya ce, "Baba, iska ta zube!" Malam ya nuna masa inda littafi ya ce wannan iskar cikin tiyon famfo ce, bawul ya riga ya rufe. Haka suka yi wa fok, sai dai shi a tsaye bisa feda ake awonsa, kamar yadda mutum ke yi in zai gangara, kuma kashi 20 cikin ɗari ake nema. Malamin lissafi bai bukaci alƙalami ba: milimita 28. Suka same ta a iska 85, alhali da 110 ya zo.

Iska ta gyaru, saura tutsun nan na baya. A nan ne aikin jan maɓalli ya shigo. Iskar da aka matse so take ta koma yadda take nan take, in ba abin da ya tare ta sai ta wurgar da mahayi. Saboda haka aka zuba mai a cikin shakazoba, wanda tilas ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi duk sa'ad da ta motsa. Jan maɓallin shi ke ƙara ko rage faɗin ƙofar da man ke bi wajen dawowa. In an murɗa shi yana yin ƙas, ƙas, kuma ana fara ƙidaya ne daga rufewa ƙurmus. Da suka duba sai suka tarar na baya a buɗe yake har ƙarshe. Ashe shi ya sa keken ya yi ta harbi.

Suka mai da shi tsakiya, suka fita ƙofar gida inda akwai dakali mai tsawon taƙi ɗaya. Malam ya sauko daga kansa yana zaune a sirdi, yaron ya tsuguna a gefe yana kallo. Abin da ake so shi ne keke ya nutse, ya taso, ya tsaya. In ya taso ya sake yin lilo, dawowar ta yi sauri, sai a rufe ƙas ɗaya. Amma rufewar ma tana da iyaka, domin in dawowa ta yi nawa ƙwarai, kafin shakazoba ta miƙe daga dutse na farko na biyu ya iso, na uku ya biyo, sai ta yi ta shigewa ciki har ta ƙare, keke ya koma kamar maras shakazoba. Mutane da yawa in sun ji wannan tauri sai su rage iska, alhali maganin yana ga jan maɓalli. Sau shida Malam ya sauko dakalin nan, maƙwabta na leƙe, kafin yaron ya ce, "Yanzu sau ɗaya ya yi, Baba."

Akwai kuma shuɗin maɓalli, mai kula da saurin nutsewa, wanda yake da matsayi uku: buɗe, tsakiya da tauri. Na tauri na kwalta ne da doguwar hawa mai santsi, don kada ƙarfin feda ya tafi a lilo. Malam ya bar shi a buɗe, ya sa a ransa ba zai taɓa shi ba sai ya gama sanin sauran. Daga nan suka koma kan taya, wadda ita ce ke fara haɗuwa da dutse. An buga mata 40 bisa al'adar dā. Irin wannan taya ba ta da tib, wani farin ruwa mai danƙo ake zubawa ciki wanda ke toshe hujin ƙaya da kansa, don haka ana iya hawanta da iska kaɗan ba tare da dutse ya tsinke tib ba. Suka sauke ta gaba zuwa 24, ta baya zuwa 27.

Mako biyu da suka biyo baya Malam ya zaɓi wani yanki na turbar Lamingo mai kimanin mita ɗari biyu, mai duwatsu a jere da kwazazzabo ɗaya, ya mai da shi ɗakin gwajinsa. Ƙa'idarsa ita ce wadda yake koya wa ɗalibai: kada a sauya abu biyu lokaci guda, in ba haka ba ba a sanin wanne ya yi aiki. Sai ya gangara, ya murɗa ƙas ɗaya, ya tura keken ya koma sama, ya sake gangarowa, ya rubuta. Bayan kowace fita kuma ya dubi inda zoben roba ya tsaya. In kullum yana kaiwa ƙarshen sanda alhali lotsawa daidai take, ba iska ake ƙarawa ba, wani ɗan toshi na roba ake sakawa a ɗakin iska, ya rage faɗinsa, shakazoba ta riƙa ƙara tauri wajen ƙarshen tafiyarta. Shi bai bukaci haka ba, zobensa yakan bar kamar faɗin yatsa.

A ƙarshen mako na biyu keken ya zama wani abu dabam. Duwatsun da suka tsinka masa hannu ranar farko yana ganinsu suna wucewa ƙarƙashinsa, ƙararsu kurum yake ji. Wajen hawa tayar baya ta daina zamewa, wajen gangara kuma in ya sauke sirdi ya miƙe bisa feda, birki na kamawa inda ya so. Ya yi tafiyar awa biyu har gindin Shere ya dawo, washegari ya tsaya a gaban allo darasi huɗu bai nemi kujera ba.

Duk da haka bai ɓoye wa abokan aikinsa aibin keken ba. A kan kwalta nawa gare shi, haƙoran taya na ta gurnani. Ba shi da kariya, ba a ɗaura masa buhun masara. Ba a kuma jingina shi a ƙofar kasuwa a shige. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa, domin in ta manne a sandar shakazoba robar bakin za ta ja ta ciki, ta goge ƙarfe, saboda haka duk dawowa sai ya share sandunan da tsumma mai laushi. Littafi ya ce a sauya man ƙafafun fok bayan kowace awa hamsin ta hawa, robobin da man kuwa sai an yi saƙonsu daga nesa. Sanyin Jos ma yana da nasa hukunci: da asubahin Disamba mai yakan yi kauri, dawowa ta yi nawa, sai ya buɗe jan maɓalli ƙas ɗaya, in rana ta yi ya mayar.

Wannan darasi bai tsaya kan masu sabon keke mai tsada ba. Kasuwannin ƙasar nan cike suke da kekunan gwanjo masu shakazoba, galibinsu na sifirin ƙarfe ne, da ɗan maɓalli a saman fok mai matse sifirin ko sassauta shi. Duk wanda ya sayi irinsu yana iya ɗaura zare ko siririyar roba a jikin sanda, ya hau, ya sauka, ya auna. In fok bai motsa ba sam, ko kuwa ya nutse rabi tun ba a tashi ba, to, akwai gyara, kuma sau da yawa gyaran bai wuce na minti goma ba. Kekuna da yawa an yanke musu hukuncin rashin kirki tun ranar farko, alhali ba a taɓa tambayar nauyin mai hawansu ba.

Bayan wata huɗu Malam ya ji kamar bayan keken ya ɗan ƙara tauri. Ya kira yaron suka sake awo, zobe ya tsaya a 14 maimakon 15, agogon famfo kuwa yana nan kusa da inda aka bar shi. Suka ɗauko sikeli, allura ta nuna 84. Ya rage iska zuwa 177, ya buɗe jan maɓalli ƙas ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin tsohon lissafi ya buɗe sabon shafi. Da ya koma asibiti ya tafi da littafin a aljihu, likita ya duba awon jini, ya duba shafin, ya ce a ci gaba da magani, a ci gaba da keke. Yanzu Malam yana jiran damina ta ɗauke, turba ta bushe, ya gwada hawan da ya wuce gindin dutsen. Allah Ya kai shi lafiya, Ya sauko da shi lafiya.